RAN 3 GA AGUSTA, DAGA DAUDAWA HAR ATINA

Duk wanda ya san Daudawa ta ƙasar Faskari ya san ran 3 ga watan Agusta ba ranar da a ke kaɗa tambari ba ce. Tsakiyar marka ce. Gari ya kan wuni a lulluɓe, yayyafi ya ƙi ɗaukewa ya kuma ƙi zama ruwan kirki, hanyoyin ƙauye su koma taɓo. Dawa ta kusa rufe mutum, masara ta yi goyo, auduga tana jiran maimai, rumbu kuwa ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Mai gida ya kan saɓi fartanya tun da sassafe, ba ya tambayar kowa yau nawa ga wata.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, wata shekara a kwalejinmu ta horon malamai muna da kwas na hutun damina, malaman firamare sun taru daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran garuruwan kudancin Katsina. Ran 3 ga Agusta an shirya za a yi tsere da tamaula da la'asar, sai ruwa ya tsare mu a aji. Don kada lokaci ya tafi a banza, muka rubuta kwanan watan a allo, muka ce kowa ya faɗi abu ɗaya da ya taɓa faruwa a rana irin ta yau. Aka yi tsit. Can sai wani dattijon malami daga Daudawa ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a garinmu dai ba abin da ya taɓa faruwa ran 3 ga Agusta sai ruwa." Aji ya fashe da dariya, mu ma muka taya su. Amma da muka koma gida maganar ta ƙi barinmu, gama ba mu yarda da ita ba. A ganinmu abubuwa sun faru, rubutawa ce ba a yi ba. To, ga kaɗan daga cikin abin da wannan rana ta ɗauko a wuraren da a ke rubutawa. Yawancinsu labarin wasanni ne, saboda haka dole mu fara daga mutanen da suka soma rubuta sunan gwanin wasa.

YUNANAWA DA JERIN SUNAYE

A ƙasar Girka, wadda littattafan Larabci ke kira Yunan, akwai wani kwari mai suna Olimfiya a yammacin ƙasar, cikin yankin Elis. Nan ne Yunanawan dā su kan taru bayan kowace shekara huɗu su yi wasanni. Lokacin taron ya kan faɗo wajajen Agusta, sa'ad da wata ya cika. Kada mai karatu ya ɗauka irin Agustanmu ne. A can lokacin zafi ne da fari, an riga an girbe alkama, ba a shiga tsinkar inabi da zaitun ba, watau manomi yana da sarari, kamar dai yadda mu ma kokawa da dambe su ke jiran kaka.

Bisa lissafinsu an fara ƙirga waɗannan wasanni a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu. A taron farko wasa ɗaya ne tak, tseren ƙafa na kamar yadi 210, wanda ya ci kuwa wani mutumin Elis ne, Koroibos, wanda aka ce sana'arsa dafa abinci. Daga baya aka ƙara kokawa a 708, aka ƙara dambe a 688. Lada a filin ba kuɗi ba ne, ganyen zaitun ne a ke naɗawa a ɗora wa gwani a ka. Sai ya koma garinsu ne a ke yi masa goma ta arziki. Mafi shahara cikin 'yan kokawarsu shi ne Milo na garin Kroton, wanda ya ci sau shida, ɗaya yana yaro, biyar yana babba. Lalle taron nasu haɗe ya ke da bautar gunkinsu Zus, wannan kuwa ba abin da za mu koya ba ne. Abin koyo yana wani wuri.

Wajajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa wani malami na Elis, Hippiyas, ya zauna ya tattara sunayen waɗanda suka ci tsere tun daga farko, ya jera su bi da bi. Ko a zamanin dā akwai masanan da suka yi shakkar farkon jerin, suka ce ya dogara ga abin da ya ji a bakin mutane. Duk da haka jerin ya zama ma'aunin shekaru. Marubutan tarihinsu suka riƙa cewa yaƙi kaza an yi shi a shekara ta biyu bayan taro na kaza, wanda wane ya ci tsere. Kowane gari na Yunanawa yana da nasa watanni da nasa lissafi, amma wannan jeri kowa ya san shi. Da haka sunan mai dafa abinci ya zama turken da aka ɗaure tarihin al'umma guda. Aka yi ta taron fiye da shekara 1,100, har sarakunan Rum Kiristoci suka hana bukukuwan gumaka wajajen 393 bayan haihuwar Annabi Isa.

Wani Bafaranshe, Pierre de Coubertin, shi ya tsaya aka farfaɗo da wasannin, aka yi na farko a birnin Atina cikin watan Afrilu 1896, su ne a ke kira Olamfik. Tseren dogon zango na kilomita 40 wani Bayunane ne ya ci shi, Spiridon Luwis, wanda ke taya ubansa ɗiban ruwa yana sayarwa. Da a nan ne, da mun ce ɗan garuwa.

ƊAN MANOMIN AUDUGA

Shekara 40 bayan haka, a 1936, aka yi Olamfik a Berlin ta Jamus, zamanin Hitila. A wannan karo ne aka fara kunna wuta a Olimfiya, 'yan gudu suna miƙa wa juna har Berlin, aka kuma gayyato tsoho Luwis, yana da shekara 63, ya shiga fili ran buɗewa sanye da tufafin ƙauyensu. Hitila ya so duniya ta gani da idonta cewa jinsin Jamusawa ya fi kowane jinsi. Ran Litinin 3 ga Agusta aka yi tseren ƙarshe na mita 100. Wani baƙar fata ɗan Amurka, Jesse Owens, ya zo na ɗaya cikin daƙiƙa 10.3. Na biyu ma baƙar fata ne, Ralph Metcalfe. Kashegari Owens ya ci dogon tsalle, ran 5 ga wata ya ci mita 200, ran 9 ya ci tseren miƙa sanda tare da abokansa uku. Lambar zinariya huɗu cikin mako guda.

Labarin da ya bazu cewa Hitila ya ƙi gaisawa da Owens shi kaɗai bai cika daidai ba. Tun bayan ranar farko aka ce masa ko ya gaisa da kowane gwani ko ya bar gaisuwar ɗungum, ya zaɓi bari. Owens da kansa abin da ya fi yi masa ciwo shi ne shugaban ƙasarsu, Roosevelt, bai aiko masa da ko takardar barka ba. Ya koma gida ya tarad da wariyar launi tana nan inda ya bar ta, har ta kai shi ga yin tsere da dawaki a gaban 'yan kallo don ya sami abin sa wa a baka. Ya rasu a 1980.

Akwai abu biyu cikin ƙuruciyar wannan mutum da mu ke so malamai da masu riƙe da rajista su duba. An haife shi a 1913 a Oakville ta jihar Alabama, jikan bayi, auta cikin 'ya'ya goma. Ubansa yana noma gonar wani ne a raba amfani, shi kuma yaron tun yana ƙarami ya ke tsinkar auduga. Yana da shekara tara suka yi ƙaura zuwa birnin Cleveland. Sunansa na yanka James Cleveland, a gida a kan taƙaita a kira shi da haruffan farko, Je-Si. Ran da aka kai shi sabuwar makaranta aka tambaye shi suna, ya faɗa da karin harshen mutanen kudu, aka ji "Jesse", aka rubuta haka a rajista. Sunan da duniya ta san shi da shi ke nan, kuskuren alƙalami. Mu da mu ke duba rajistar makarantu mun sha ganin irin wannan: yaro ya shigo Sama'ila ya fita Isma'il, a ba shi sunan garinsu a madadin na ubansa, a ƙaga masa ranar haihuwa 1 ga Janairu don a huta. Na biyu kuwa, wani malaminsa, Charles Riley, ya lura da gudunsa a filin makaranta. Da ya ga yaron yana zuwa aikin neman kuɗi bayan an tashi, sai ya riƙa fitowa da sassafe yana horar da shi kafin a shiga aji. Owens har ya mutu yana cewa wannan malami ne mafarin kome.

To, ina ruwan Daudawa da wannan? Ruwanta auduga. Irin da a ke kira Alan, wanda aka shigo da shi Nijeriya ta Arewa a 1912, asalinsa daga kudancin Amurka ya ke, ƙasar da Owens ya yi tsinka. Tun cikin shekarun 1920 aka kafa gonar yaɗa iri a Daudawa. Masana aikin gona na Samaru ta Zariya su kan zaɓi iri mai kyau, a kawo Daudawa a shuka shi a babbar gona, a gurje shi dabam don kada ya gauraya, sa'an nan a raba guryar ga manoman kewaye, daga gare su kuma ta bazu shekara bayan shekara har ta game lardunan Arewa. Ta wannan hanya irin da a ke kira Samaru 26C ya bi. Nan kuma aka zaunar da manoma aka ba su shanu da garma, don a gwada noma haɗe da kiwo. Saboda haka ranar da Owens ya ke gudu a Berlin, akwai lebura a Daudawa duƙe cikin kunya yana cire ciyawa a gindin auduga 'yar dangin wadda ta farfasa hannun Owens. Ɗaya an rubuta sunansa har da daƙiƙarsa. Ɗayan kuwa a takardar biyan albashi kaɗai sunansa ya taɓa hawa, alhali kuwa irin da ya yi wa maimai shi ya tufasar da lardi, ya biya haraji, ya cika taragun jirgin ƙasa a Funtuwa.

RANAR 'YAN'UWANMU NA AREWA

Ran Laraba 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami mulkin kai daga Faransa, kwana 59 kafin Nijeriya ta sami nata. Ga Bakatsine wannan ba labarin baƙi ba ne. Da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa zama a Maraɗi, inda sarautar ta ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina. Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya kamar mil 60 ne. Ingilishi da Faransi ne suka ja layi tsakani bisa yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, wa ya koyi Turanci, ƙane ya koyi Faransanci, a gida kuwa duka Hausa su ke yi.

Wanda ya karɓi mulki a Yamai, Diori Hamani, malamin makaranta ne irinmu. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar a ƙasarsa, har ya je Paris ya koya wa Faransawa Hausa da Zabarmanci. Ba za mu ɓoye ba, ranar ba ta zo wa kowa da daɗi ɗaya ba. Jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ta nemi a ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar 1958, an riga an haramta ta a 1959, shugabanninta suna gudun hijira sa'ad da a ke ɗaga tuta. Diori ya yi mulki har fari da yunwa suka auka wa ƙasar, soja suka tumɓuke shi ran 15 ga Afrilu 1974, Saini Kunce ya hau.

A nan tarihin Yunanawa ya sake giftawa. Tsibirin Kubrus, inda Yunanawa da Turkawa ke zaune, ya sami mulkin kai daga Ingila ran 16 ga Agusta 1960, kwana 13 bayan Nijar. Shugabansa na farko babban limamin Kirista ne, Makariyos, wanda Ingilishi suka taɓa kai shi zaman gudun dole tsibirin Seshel a 1956. Wata uku cif bayan faɗuwar Diori, ran 15 ga Yuli 1974, sojan da ke mulkin Girka suka sa aka yi masa juyin mulki. Kwana biyar bayan haka Turkiyya ta shigo da yaƙi, tsibirin ya rabu biyu, mulkin sojan Girka kuma ya rushe cikin makon nan. Makariyos ya dawo kujerarsa a ƙarshen shekarar, amma ƙasar da ya dawo wa ba cikakkiya ba ce. Ya mutu ran 3 ga Agusta 1977.

Mu koma Nijar, don akwai abu biyu da gwamnatin Kunce ta yi a 1975 waɗanda suka shafi zancenmu. Na farko, ta mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace, saboda darasin da fari ya koyar, lokacin kuwa ya dace, ƙasa a jiƙe ta ke. Gaskiya dai ba dashen biki ne ya fi yi wa Nijar amfani ba. Abin da ya fi shi ne dabarar da manoman ƙasar Maraɗi suka kama tun cikin shekarun 1980, ta barin kututturen gawo da kalgo da sabara su yi toho a gona, a rage rassan a bar mai ƙarfi ya zama itace. Amma ranar ta sa kowace shekara a kan tuna da zancen. Na biyu, a shekarar aka fara gasar kokawa ta ƙasa duka, wadda a ke ba gwaninta takobi. An yi ta farko a Tawa, wanda ya ɗauki takobin kuwa Yakuba Kantu ne na Maraɗi, filin kokawar Maraɗi ma sunansa aka sa masa. Tun daga nan suna da jeri: shekara kaza, gari kaza, wane ya ka da wane. Yaron Damagaram ko na Doso ya kan iya karanto maka shi da ka. Abin da Hippiyas ya yi wa Yunanawa ke nan, ga shi Hausawa 'yan'uwanmu sun yi wa kansu, da kokawar da mu da su muka gada wuri ɗaya.

DAREN ASABAR NA 1996

Da Olamfik na zamani ya kusa cika shekara 100, Yunanawa suka nemi a mai da shi Atina inda aka fara. Aka jefa ƙuri'a a 1990, birnin Atlanta na Amurka ya kayar da su, suka ji haushi ƙwarai, sai a 2004 suka samu. Amma dubi yadda abu ya juya. Wasan ƙarshe na tamaula a 1996 ba a cikin Atlanta aka buga shi ba. An kai shi wani garin jami'a ne mai nisan kamar mil 70 daga can, wanda waɗanda suka kafa shi suka raɗa masa sunan Atina don girmama birnin ilmi na Yunanawa. A wannan Atina ta Amurka, ran Asabar 3 ga Agusta 1996, Nijeriya ta kara da Ajantina a gaban mutum fiye da 86,000.

Sai an tuna halin da ƙasa ke ciki kafin a gane nauyin ranar. Zamanin Janar Sani Abacha ne, an dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila tun Nuwamba 1995, ba mu kuma je gasar cin kofin Afirka ba a farkon 1996. Tun da muka fara zuwa Olamfik a 1952 ba mu taɓa samun zinariya ba sai ana gobe wannan wasa, ran 2 ga wata, da wata 'yar sanda, Chioma Ajunwa, ta yi tsallen mita 7.12. 'Yan tamaula kuwa, a ƙarƙashin mai horarwa Jo Bonfrere mutumin Holan, sun riga sun ba duniya mamaki ran 31 ga Yuli. Barazil tana gaba da ci 3 da 1, saura minti goma sha biyu, Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90, ya kuma ƙara na huɗu da aka shiga ƙarin lokaci.

Ranar ƙarshe, minti uku da farawa Claudio Lopez ya jefa mana ɗaya. Celestine Babayaro ya rama da ka a minti na 28. Bayan hutu aka ba Ajantina fanareti, Crespo ya ci. A minti na 74 Daniel Amokachi ya ɗaga ƙwallo ta saman mai tsaron gida, aka koma 2 da 2. Ana dab da tashi aka ba Nijeriya bugun tazara. 'Yan bayan Ajantina suka ruga gaba gaba ɗaya don a kama mu da satar gida, dabarar ba ta ci ba, Emmanuel Amunike ya tsinci ƙwallo shi kaɗai ya zura. Alƙalin wasa, Collina na Italiya, ya nuna tsakiyar fili. Karo na farko ke nan da wata ƙasar Afirka ta ci zinariyar tamaula a Olamfik. A nan dare ne, mutane sun yi cincirindo gaban talabijin da rediyo, waɗanda ke ƙauye kuma da yawa sai da safe suka ji.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, biyu daga cikin ƙwallaye ukun nan yaran Kaduna ne suka ci su. Babayaro da Amokachi a Kaduna suka tashi, Amokachi ma a ƙungiyar Ranchers Bees ya fara suna. A cikin 'yan wasa 18 da aka tafi da su akwai kuma Tijjani Babangida da Garba Lawal da Emmanuel, wan Celestine, dukansu 'yan Kaduna. Ba daga sama suka faɗo ba. Filayen unguwa da gasar makarantu ne suka fito da su, inda wani ya tsaya da usur da takarda yana rubuta wanda ya ci.

NAMU FA?

Ba mu rasa gwanaye ba. Kowane gari a ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa yana da ɗan kokawar da tsofaffi ke ba da labarinsa, wanda bayansa bai taɓa ƙasa ba, da ɗan damben da mahauta ke alfahari da shi. Amma tambayi shekarar da ya yi tashe, sai a ce maka zamanin hakimi wane, ko kuwa shekarar da aka yi fara. Wannan lissafi yana da amfaninsa, da shi muka san Kakalaba, yunwar 1914. Illarsa ita ce yana tafiya kabari tare da mai shi. Shago ma, da ya fi kowa suna a dambe, da Ɗan Anace bai yi masa waƙa ba, da yau wa zai ambace shi? Makaɗi ya yi nasa, ya adana suna da kirari. Kwanan wata da wuri da sunan abokin karawa aikin mai alƙalami ne, mu kuwa masu alƙalami mun ɗauka abin ya yi mana ƙanƙanta. A zamanin En'e malamin hakimi ya kan rubuta haraji da jangali har anini, ba a taɓa ce masa ya rubuta wanda ya ci kokawar kaka ba. Da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi a 1976, al'adar ba ta sake ba.

Akwai kuma wani abu na Yunanawa da ya fi jeri tsaya mana a rai, saboda abin da wannan yanki ya gani. Kafin kowane taro mutanen Elis su kan aiki manzanni gari gari su yi shelar amana: duk mai zuwa Olimfiya, ɗan wasa ko ɗan kallo, ba mai tare shi a hanya, ko da garinsu na yaƙi da garin da zai ratsa. Ba wasa su ke yi da wannan doka ba. A shekara ta 420 kafin haihuwar Annabi Isa aka tuhumci Sparta, wadda ta fi kowa ƙarfin yaƙi, da kai hari cikin kwanakin amana. Aka ci ta tara, ta ƙi biya, aka hana ta shiga wasannin shekarar. Sun gane ba a yin taro sai hanya ta yi lafiya. Mu a nan, ran 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da dare suka kwashe yara fiye da 300, sai bayan kwana shida aka sako su. A shekarun nan ƙauyuka da dama na Faskari da Sabuwa sun watse, an rufe makarantu, an bar gonaki. Inda gari ya tashi, tsofaffin da ke riƙe da labarinsa su kan warwatsu, wani ya mutu a Funtuwa, wani a Katsina, kowa da guntun abin da ya sani. Wannan ne ya sa mu ke ganin aikin rubutawa ba na jinkiri ba ne.

Abin da muka ɗora wa malaman kwas ɗin nan ba mai wuya ba ne, muna kuma roƙon sauran malamai da ma'aikatan ofisoshin hakimai da na ƙananan hukumomi su gwada. A sami littafi mai bango mai ƙarfi, a ba kowace rana ta shekara shafinta. Abin da ya faru yau a rubuta shi yau, da shekararsa: ranar shuka, ranar da aka buɗe fuloti da farashin auduga, wanda ya ci tsere a makaranta da daƙiƙarsa in akwai agogo, wanda ya ka da wani a dandali, naɗin sarauta, rasuwar malami, har da ranar da aka kawo hari da ranar da aka dawo gida. Abin da ya wuce kuwa a je wa tsofaffi, a rubuta yadda suka faɗa, a sa sunan wanda ya faɗa, kada a gyara masa. In biyu sun saɓa a rubuta duka biyun. A rubuta sunan mutum yadda shi ya ke faɗinsa, a maimaita masa ya ji.

Da damina ta zagayo, dattijon nan na Daudawa ya dawo kwas da littafinsa a jaka. Ya sami tsofaffi uku waɗanda iyayensu suka yi aiki a gonar iri, ya rubuta abin da suka gaya masa game da shanun huɗa da ranar rabon gurya, ya kuma jera 'yan kokawa bakwai na garin, huɗu da shekarunsu, uku da zamanin hakimi kawai. Muka buɗe shafin 3 ga Agusta. Ya ce har yanzu bai sami kome ba sai ruwa, amma ya roƙi malamin gona ya koya masa awo, ya kafa gwangwani a filin makaranta, daga bana zai riƙa rubuta ko inci nawa aka yi.